Lotsewar Ƙofar Inna

Ni dai sana'ata cire lotsewa daga jikin mota. In ka yi karo, ko ɗanka ya koyi tuƙi da katangar maƙwabci, ni za ka kawo wa. Dogo ake ce mini, kuma duk wanda ya gan ni ba ya tambayar dalili. Ina da wani ciwo da kowane mai irin aikina yake da shi: ba na iya wuce ƙarfen da ya lotse ban shafa shi ba. Ko murfin tukunyar maiɗakina ne ya ɗan shiga ciki, ba ni da sukuni sai na buge shi ya miƙe. Ta sha gaya mini wata rana hannun nan zai jawo mini magana. To, ya jawo.

Motar surukina ce, marigayi. 'Yar Fari suke ce mata a gidan, don ta riga duk 'ya'yan zuwa. Tsohuwar ƙira ce, irin wadda yanzu sai an yi sa'a ake gani a titi: fitilu zagayayyu, bamba ta ƙarfe mai ɗaukar ido, kujerar gaba doguwa guda ɗaya kamar benci, giya a jikin sitiyari. Ƙarfen jikinta kuwa, Allah ya saka wa waɗanda suka ƙera, ba irin gwangwanin yanzu ba ne da in ka jingina sai ya yi ƙara. Tun da Baba ya rasu take ajiye a rumfar gidan, lulluɓe da tamfol, tayoyi sun sace, ɓeraye sun tare a kujerar baya.

Inna, wato surukata, idonta ya daɗe yana tafiya. Aka kai ta wani gari wajen ƙanwar maiɗakina don a yi mata aiki a asibiti, ta kwashe watanni a can. Aikin bai yi ba. Ɗan ganin da ya rage ma ya ɗauke, ga hawan jini ya sako ta gaba. Sai 'ya'yan suka yi shawarar a yi mata abin da zai faranta mata rai: a tayar da 'Yar Fari ba tare da ta sani ba, ranar da za ta dawo a ɗauko ta daga tasha a ciki. Yaya, babban wansu, shi ya kira ni.

"Dogo, kai ne namu a harkar mota. So muke ta tashi, ta yi tafiya."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ba zan yi masa ƙari ba. Na sa aka jawo ta garejinmu. Bakaniken da muke haɗa rumfa da shi ya buɗe injin, ya wanke kafireto, ya sake fulogai, muka samo batir. Ranar da ta yi tari ta tashi har masu walda suka bar aikinsu suka zo kallo. Da na tsaya nan, da yanzu ba ni da labarin bayarwa.

Amma kullum na shigo da safe sai in tarar tana kallona da jikin nan duk tabo. Nan tsatsa, can ƙarzuwa, ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja ta sauka, ba ta rufuwa sai da duka, ga lotsewa iri-iri a jikinta. Na ce haba, a ce ina surukin gidan nan, sana'ata ke nan, in mayar musu da mota a haka? Ai sai a ce ban san mutunci ba. Ban gaya wa kowa ba, so nake in ba su mamaki. Na kwance ƙofofin, na bi su da guduma a hankali, na goge, na shafe cikinsu da kwalta saboda tsatsa. Ƙofar da ta sauka na ɗaga ta, na samo mata makulli mai kyau. Abokina Mai Fenti ya sha wahala kafin ya haɗo kalarta ta asali, ruwan madara mai ɗan duhu, ya fesa. Wallahi da muka gama, ni da kaina na ja da baya na cire hula.

Ana jibi Inna za ta dawo na ɗauko maiɗakina na kawo ta gareji. Na yaye tamfol ina jiran yabo. Ta kama baki.

"Ikon Allah! Baban yara, ita ce kuwa?"

Ta fara zagaye motar tana dariya, tana shafa fitila, tana leƙa ciki. Da ta iso ƙofar fasinja sai dariyar ta yanke. Ta tsaya. Ta sunkuya ta dubi ƙofar ta gefe, ta sa hannu ta shafa sama da ƙasa.

"Ina wurin?"

"Wane wuri?"

"Wurin Baba."

Na ce ban gane ba. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya, da zanenta mai kyau da komai, ta ɗora hannu a ka. A nan gabana ya fara faɗuwa, don matar nan ko ƙura ba ta yarda ta taɓa mata kaya.

Ga abin da ta gaya mini. Ƙofar nan tun kafin a haife ta ta sauka. Daga ciki ba ta rufuwa ko za ka ja da hannu biyu. Masu gyara sun sha cewa a kawo, aikin ɗan lokaci ne, Baba ya ce a bar masa abarsa. Duk inda za su, shi zai buɗe wa Inna, ya jira ta zauna ta tattare gefen zanenta, sannan ya ɗan ɗaga hannun ƙofar, ya juya ya buga ta da kwankwaso. Sama da shekara arba'in yana haka, wuri ɗaya, har ƙarfen ya shiga ciki kamar tafin hannu, fentin wurin ya side ya yi santsi. Tun da ya rasu, kowace safiya Inna sai ta je rumfa, ta ɗaga tamfol, ta sa hannunta a gurbin nan ta ɗan jima, sannan ta shiga harkokinta. Da idon ya fara tafiya, da bin bango take zuwa.

"Hotunansa yanzu ba ta ganinsu," in ji maiɗakina. "Rigunansa an rabar. Wannan kaɗai ya rage mata wanda hannu yake gani."

Ni kuwa in tsoro ya kama ni, faɗa nake fara yi.

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ku duka kuna da baki! Ni ina zuwa gidan da sassafe ne da zan san abin da take yi?"

"Wa ya ce ka taɓa jikinta? Cewa aka yi ta tashi!"

Na dubi ƙofar, sumul, har fuskata nake gani a ciki. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ban taɓa jin ina son in ɗauki guduma in fasa hannuna ba sai ranar.

Na ce a kira Inna a gaya mata gaskiya, ni zan yi magana. Maiɗakina ta kira ƙanwarta ta fara jin yanayi. Ina tsaye ina jiyo muryar ta cikin waya. Wai likita ya ja kunne, kada a tayar mata da hankali ko kaɗan. Wai kullum sai ta tambaya ko ana gyara wa 'Yar Fari tamfol saboda ruwa. Wai jiya ma cewa ta yi ita ba abinci ba, ba gado ba, tana sauka a fara kai ta rumfa. Maiɗakina ta kashe wayar ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"In ta sa hannu ta ji babu, ban san abin da zai faru ba. Wallahi ban sani ba."

"To zan mayar."

"Ka mayar da me?"

"Lotsewar. Ni na cire, ni zan mayar."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Washegari da safe muka taru a gaban ƙofar, ni da ita da Yaya da Mai Fenti, ina riƙe da alli. Abu na farko, a ina wurin yake? Za ka ce ai ni na cire, ya kamata in sani. Ƙofar nan lotsewa nawa na cire mata? A wajena duk ɗaya suke. Hannuna ya san yadda ya fitar da ita, bai riƙe inda take ba. Cikin ƙofar da zan duba sawun guduma kuma na shafe shi da kwalta da hannuna, don gwaninta.

Maiɗakina ta nuna wani wuri. Yaya ya ce a'a, sama ne.

"Ina ƙarama daidai kafaɗata yake," in ji ta.

"Kina ƙarama yaushe? Kina shekara nawa? Ke kin san tsawon kafaɗarki a lokacin?"

Ni Baba ban san shi a tsaye sosai ba. Lokacin da na shigo gidan ƙafa ta riga ta kama shi, kullum yana kan kujera, ni ina durƙushe ina gaisuwa. Amma na tarar da matashi a mazaunin direba, kuma kujerar an jawo ta gaba har gwiwata tana dukan sitiyari. Na ce, cikin ladabi, ina ganin kamar marigayi ba shi da tsawo sosai, ko mu ɗan sauko.

Yaya ya juyo kamar na zagi gidansu.

"Baba ne gajere? Kai don Allah ya miƙa ka kamar falwaya sai kowa ya zama gajere? Mutumin da in ya tsaya a ƙofar ɗaki sai ya tare haske! Matashin nan don bayansa ne."

Maiɗakina ma ta ce gaskiya Baba ba gajere ba ne. Mutum biyu da suka fito daga jikinsa, ni bare, kuma ni ne mai laifi. Na zana da'ira inda Yaya ya ɗora yatsa.

Mai Fenti yana ganin alli a kan fentinsa sai ya taso.

"Dogo, tsaya. Wai da gaske dukanta za ka yi?"

"Da gaske."

"Fentin da na hana ƙuda sauka a kai? Na kori ɗan'uwana daga rumfa don ya yi atishawa!"

"Kai za ka goge shi ma bayan na gama, ya side kamar ya shekara arba'in."

Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin inda aka biya likita ya mayar wa mutum da ciwo ba. Na ce ai ba biyansa zan yi ba. Ya ce to ya ƙara lalacewa.

Ban fara da ita ba. Na jawo tsofaffin ƙofofi daga tarin ƙarafan bayan gareji na jera su a bango ina gwaji. Guduma ba ta yi ba, tana barin baki mai kaifi, ko yaro ya shafa ya san duka ne. Na naɗe katako da tsumma, ya bar kusurwa. Na ce to bari in yi yadda mai abin ya yi: na juya na dinga bugun ƙofa da kwankwaso. Kafin ka ce me, masu walda da bakanike da mai sayar da taya sun kewaye ni. Wani ya ce sabuwar rawa ce, wani ya ce a kira iyalina, aka ce ai ga ta nan zaune. Ban ko kalle su ba. Kwankwasona ya yi tsami, ƙofar ko gezau. Ashe abin da mutum ya yi a hankali shekara da shekaru, ba ka isa ka yi shi da ƙarfi kafin azahar ba.

A ƙarshe ƙaramin buhun yashi ne ya yi. Na ɗora shi a kan ƙarfen, na dinga bugunsa da babbar guduma a hankali, bugu kaɗan-kaɗan ba adadi, ina tsayawa ina shafawa. A tsohuwar ƙofa ya ba da gurbi mai laushi, ba baki, ba kusurwa. Sai na koma kan 'Yar Fari. Na ɗaga gudumar, hannuna ya ƙi sauka. Shekarun da na yi ina koya masa gyara, yau na ce ya ɓata. Mai Fenti ya juya baya, ya ce a gaya masa in an gama.

Da na gama shi ya karɓa. Duk da mitar da yake yi, ya zauna a ƙasa da samfefa mafi laushi da ruwa, yana bi a hankali, sannan tsumma da ɗan mai, har tsakiyar wurin ya dushe ya yi santsi. Na rufe ido na shafa. A hannuna ya yi. Amma hannuna ai shi ya jawo mana wannan.

Na ce maiɗakina ta rufe ido ta gwada. Ta shafa ta daɗe.

"Kamar shi ne."

"Kamar? Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ban sani ba, Baban yara. Ni da ido na saba ganinsa. Ban taɓa sa hannu ba."

Saura makulli. Ta ce in mayar da ƙofar yadda take, mai ƙin rufuwa. Nan kam na ƙi. Yaya da kansa ya ba da labarin ranar da ta taɓa buɗewa a kwana suna yara, Allah ne ya tsare. A lokacin Inna tana gani, tana da ƙarfin riƙe kujera. Na ce ƙarya a fenti na yi, Allah ya yafe mini, amma ba zan zaunar da tsohuwa marar gani a bayan makullin da na san ba ya kamawa ba. Yaya ya goyi bayana, karo na farko a ranar.

Ranar dawowar ko karin kumallo ban iya ci ba. Na ja cok, maɓallin da ke ƙara wa inji mai, na murza makulli, ta tashi bugu ɗaya, kamar tana yi mini dariya. Har addu'a na yi a raina ta mutu a hanya, a ce a ɗauko Inna a tasi, in sami ko da yini guda. Ina! Tafiya take lafiya lau, injin yana wani gurnani mai daɗi. Maiɗakina da Yaya suna baya. Ni na ƙudundune a gaba, ina lalubar giya a jikin sitiyari, gumi yana bin bayana.

Duk inda muka bi sai an juyo. Masu babur suna bin mu suna ɗaukar hoto da waya, wani direban bas ya saki sitiyari yana tafa mana. A da, irin wannan ne abincina. Ranar ji nake kamar kowa ya san abin da na yi.

A wata mahaɗa da cunkoso ya tsayar da mu, wani dattijo mai farin gemu ya taso daga bakin shago, yana tafe yana nuna motar da sanda. Ya faɗi shekarar ƙirarta daidai, ya ce irinta ya fara tuƙawa. Ya zagaya ta yana girgiza kai, sai ya tsaya a ƙofar fasinja.

"Kash! Ɗana, mota kamar wannan, ka bar mata wannan a ƙofa? Tsohuwar lotsewa ce, na gani, amma tana fita. Akwai wani a layin masu walda, Dogo ake ce masa. Bakinsa ba daɗi, amma hannunsa ba dama. Ka kai masa."

Na ce na gode, Baba, zan neme shi. Yaya ya ƙyalƙyale da dariya a baya har yana tari. Ni kuwa kalma ɗaya na riƙe: tsohuwa ya ce. In ta ruɗi mai ido wanda ya san mota, wataƙila. Da wannan wataƙila na ƙarasa tasha.

Motarsu ta riga mu isowa. Na hango Inna zaune a benci ƙarƙashin rumfa, ƙanwar maiɗakina tana gefenta da jakunkuna. Ta rame. Ta sa baƙin tabarau, ta ɗora hannu biyu a kan sanda. Ban kai ga kashe mota ba na ga ta ɗago kai, ta karkata kunne.

"Wannan ai 'Yar Fari ce."

Ba wanda ya gaya mata. Cikin hayaniyar tasha, da hon da masu kiran fasinja, ta tsinto muryar injin. 'Ya'yan suka rufe ta da murna, ana ga mamakin da muka shirya miki. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara, amma fuskarta tana wajen motar. Wadda kunnenta ya yi wannan, hannunta fa?

"Ku kai ni."

Maiɗakina ta riƙe ta har gaban mota. Inna ta miƙa mata sandar. Ta taɓa madubin gefe, ta bi gilashi, ta sami hannun ƙofa. Daga nan ba ta lalubi komai ba. Hannunta ya sauka kai tsaye, yadda mutum yake kai loma baki.

Ya sauka a ƙasan gurbin da na yi. Tazarar ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba, amma a kan sabon fenti ya sauka, sumul, inda babu komai.

Ta bar shi a nan. Na ga yatsun sun buɗe, sun danna, kamar mai neman abu a aljihun da ya san ya saka. Yaya ya sunkuyar da kai. Maiɗakina ta damƙe sandar da hannu biyu. Sai hannun ya fara hawa a hankali, ya sami bakin gurbin da na yi, ya shiga, ya zagaya shi sau ɗaya, ya fito. Wani hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau. Ba ta share ba.

"Wa ya yi aikin motar?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Ka sha wahala."

Na buɗe baki in ce wani abu, in roƙi gafara, in ce a kawo kujera, a kawo ruwa, a kira likita. Ta riga ta buɗe ƙofar da kanta. Ta shiga ta zauna, ta tattare gefen zanenta. Ƙanwar maiɗakina, da ba ta san komai a kan makullin ba, ta tura ƙofar da yatsu. Ƙyas, ta rufe, ba ƙara ba gardama.

Aka zuba kaya a but, su uku suka shige baya. Na zagayo zan shiga, sai na hango Inna ta gilashin gaba. Tana zaune, hannuwa a cinya, ta ɗan janye kafaɗarta daga jikin ƙofar, ta karkata kai gefe. Ƙofa a rufe take, ta ji rufuwarta sarai. Amma jikin bai yarda an gama ba, jira yake. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar zaman nan ba.

Na koma. Gilashinta a sauke yake. Na kama hannun ƙofar na ɗan ɗaga, na juya, na buga kwankwasona mai tsami a gurbin da na yi. Motar ta ɗan girgiza.

Ba ta juyo ba. A hankali ta yi magana, yadda na baya ba za su ji ba.

"Ƙasa kaɗan, Dogo. Shi ai gajere ne. Su ne ba su sani ba."

Na lanƙwasa gwiwa, ƙato da ni, a tsakiyar tasha, masu dako suna kallo. Na buga a kan sabon fentin, daidai inda hannunta ya fara sauka. Ta saki numfashi, kafaɗar ta koma ta jingina da ƙofa.

"Wancan na saman, in mun je gida ka cire shi. Ba na kowa ba ne."

"To, Inna. Inna, don Allah ki..."

"Nasa ya tafi, na ji. Kada ka sa ni maganarsa yanzu." Ta ɗaga tabarau ta goge ido da bakin mayafi. "Nan ɗin kuma kada ka sa masa guduma. Duk ranar da za ka fita da ni, ka rufe mini. Shi ma ba rana ɗaya ya yi shi ba."

Na zagaya na shiga, na naɗe ƙafafuna ƙarƙashin sitiyari. Maiɗakina ta leƙo daga baya tana tambaya da ido me aka ce. Sai da na lalubi giya sau biyu kafin ta shiga, muka kama hanyar gida.